Abin da na koya a fim ɗin kaboyi



Ni manomi ne. Garinmu ba shi da nisa da Maraɗi. Da girmana na koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci. Yau ina so in ba ku labarin fim ɗin kaboyi. Wani zai ce: me ya haɗa manomi da fim ɗin Turawa? To, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Akwai ranar da fim ɗin nan ya hana ni zubar da jinin mutum.

Daren da na fara shiga sinima

A shekarar 1971 ina da shekara 12. Kawuna ya tafi da ni Maraɗi sayar da gujiya. Da muka gama ciniki, ya ce mini: "Taso, yaro. Yau za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Gidan sinima ba shi da rufi. Katanga ce ta kewaye fili, da babban farin bango a gaba. Masu kuɗi suna baya bisa kujeru. Mu muna gaba bisa benci. Sai haske ya fito daga wata ƴar taga a bayanmu. Sai ga duwatsu masu farin kai. Sai ga wani mutum bisa doki, shi kaɗai, da bindiga a ƙugu.

Da Faransanci suke magana, mu kuwa ba mu ji. Amma wani ɗan lakwal yana zaune kusa da mu. Shi ya riƙa fassara mana.

Sunan fim ɗin Shane. Mu muna cewa Shen. Ga labarin a taƙaice. Waɗansu ƙananan manoma sun zo wani kwari sun yi gonaki, sun kafa shinge. Akwai wani tsoho mai dubban shanu, sunansa Ryker. Yana so su tashi. Yaransa suna kora shanu cikin gonaki, suna karya shinge, suna ƙona gida. Shen baƙo ne. Ya sauka gidan wani manomi, ya ajiye bindiga, ya kama aikin gona. Da tsohon ya ga manoma sun ƙi tashi, sai ya yi hayar wani ɗan bindiga mai baƙar hula. Ɗan bindigar ya harbe manomi guda cikin taɓo, da rana tsaka. Daga ƙarshe Shen ya ɗauki bindigarsa, ya shiga gari da dare. Ya kashe ɗan bindigar, ya kashe tsohon da ƙanensa. Sannan ya hau doki ya tafi da rauni a jikinsa. Yaron gidan yana ta kiransa, bai dawo ba.

Gidan sinima ya ɗauki tafi da ihu. Ni ma na yi tafi har hannuna ya yi zafi.

Amma akwai wani wuri a tsakiyar fim da bai tayar da ihu ba. Tsoho mai shanu ya zo ƙofar manomi da dare, ya yi doguwar magana. Ɗan lakwal ya ce mana: yana cewa ya riga su zuwa wurin nan, ya sha wahala kafin ya zauna, yanzu sun zo sun tare masa makiyaya, sun raba shanunsa da mashaya. Mutane suka yi tsaki. Da muka fito, kawu ya yi shiru har muka kai masauki. Sannan ya ce: "Tsohon nan mugu ne. Amma batun mashaya, gaskiya ya faɗa. Saniya ba ta tashi sama ta je tabki."

Ban gane ba a lokacin. Ni dai Shen nake so in zama.

Kaboyi a garinmu

Da na koma gida na ba abokaina labari. Muka sassaƙa bindigogi da karan dawa. Muka hau jakuna muna sukuwa. Samarin birni sun fi mu nisa. Suna sa faffaɗar hula, suna kiran junansu Jango da Ringo. Jango ba na Amurka ba ne ma. Fim ɗin Italiya ne na shekarar 1966. Amma a wurinmu duk kaboyi ne.

Wani ɗan ƙasarmu ya lura da wannan tun da wuri. Shi ne Mustafa Alasan, mai yin fim, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. A 1966 ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi. Ya rarraba wa abokansa. Suka canja sunaye, suka hau dawaki, suka shiga sata da dukan mutane. Suka hana gari sakat. Daga baya suka juya wa junansu. Jingare Maiga da Zalika Sule suna cikin ƴan wasan. Mustafa Alasan ya nuna cewa wasan kaboyi yana iya zama kuka.

Su wane ne suka yi finafinan nan?

Da na tsufa, ɗana da ya zama mushe ya nemo mini fim ɗin Shen. Muka sake kallo tare. Ya kuma karanta mini tarihin masu yin irinsa. Ga abin da na riƙe.

Yawancin finafinan nan a Holiwud aka shirya su. Unguwa ce a birnin Los Anjalas, yammacin Amurka. Tun 1903 aka yi wani gajeren fim na ƴan fashin jirgin ƙasa, The Great Train Robbery. Tsawonsa bai wuce minti 12 ba. Amma kaboyi ya yi tashe sosai daga 1939 zuwa wajen 1960.

A fim akwai ɗan wasa, shi muke gani. Akwai kuma mai shirya fim, shi ba a ganinsa, amma shi ne sarkin aikin. Babba cikin masu shirya fim ɗin kaboyi shi ne John Ford. A 1939 ya yi Stagecoach, labarin keken dawaki mai ɗaukar matafiya cikin daji. Fim ɗin nan ne ya ɗaga John Wayne, wanda muke kira Jon Wen. Sunansa na yanka Marion Morrison. An haife shi a 1907, ya rasu a 1979. Ya fito a fim ɗin kaboyi fiye da 80. Amma shi ba makiyayi ba ne. Ubansa mai sayar da magani ne. Shi kuma da ɗaukar kaya a wurin shirya fim ya fara.

Gary Cooper ya fi shi sanin doki tun yana yaro, don ubansa yana da garken shanu a jihar Montana. A 1952 ya fito a High Noon, na Fred Zinnemann. Mai tsaron gari ne. Ƴan bindiga huɗu za su zo kashe shi da tsakar rana. Ya bi gida gida yana neman taimako, kowa ya noƙe.

Ku makiyaya, fim ɗin da zai fi burge ku shi ne Red River, na Howard Hawks, 1948. Jon Wen yana kora dubban shanu daga Teksas zuwa arewa. Za ku ga ƙura. Za ku ga ƙetare kogi. Wani dare wani mutum ya je satar sukari, ya zubar da tukwane. Ƙarar ta firgita garke, shanu suka watse, suka tattake makiyayi guda. Duk wanda ya taɓa kwana da garke ya san wannan ba ƙarya ba ne.

Shen kuwa George Stevens ya shirya shi, ya fito a 1953. Alan Ladd ne Shen, Jack Palance ne mai baƙar hula. Shi Stevens ya je yaƙin duniya na biyu da na'urar ɗaukar hoto. A 1945 ya shiga sansanin Dachau a Jamus, ya ga gawawwaki tuli. Da ya dawo bai so a ɗauki harbi wasa ba. Shi ya sa a wurin kisan manomin nan, ya sa aka ɗaura wa ɗan wasan waya, aka fizge shi baya, ya faɗi cikin taɓo. Ya so mai kallo ya ji ƙyamar kisa. Mu kuwa yara ba mu ji ba. Tafi muka yi ta yi.

Kaboyi na gaskiya

Ma'anar kaboyi ita ce yaron shanu. Ɗan ƙwadago ne, shanun ba nasa ba ne. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas. Saniyar da ake sayarwa dola 4 a can tana kai dola 40 a arewa. Sai aka riƙa kora su zuwa tashar jirgin ƙasa a jihar Kansas. Garke guda yakan kai shanu 2500 ko 3000. Mutum goma ko goma sha biyu ke kora shi. Suna yin kamar kilomita 20 zuwa 25 a yini, don kada shanu su rame. Tafiyar tana cin wata biyu ko uku. Ladan kaboyi wajen dola 30 ne a wata. Wannan zamani bai daɗe ba. Shekara 20 ce kawai, daga 1866 zuwa wajen 1886.

Rigimar da Shen ya nuna ta faru da gaske. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi doka: wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar, za a bar masa kamar hekta 65. Manoma suka yi ta kwararowa yamma. A 1874 wani mutum, Joseph Glidden, ya sami takardar mallakar waya mai ƙaya. Shinge ya yi araha. Aka tare fili, aka tare ruwa. Sanyin 1886 zuwa 1887 kuma ya kashe shanu ba adadi. Kowa ya shiga ƙunci.

A watan Afrilu 1892, a jihar Wayomin, manyan masu shanu suka tara mutum wajen 50 da bindigogi. Fiye da 20 cikinsu ƴan haya ne daga Teksas. Suka shiga yankin Johnson don kashe ƙananan mutane da suke zargi da satar shanu. Suka kashe biyu, Nate Champion da Nick Ray. Jama'ar yankin suka taso suka kewaye su. Sai da shugaban ƙasa ya aiko soja suka fitar da su. Ba wanda aka hukunta. Daga wannan rigima aka ɗauko ƙashin labarin Shen.

Ku lura da abu guda. Masu shanun nan attajirai ne. Ba su yi kama da Bafillace mai shanu talatin ba. Amma tushen faɗan iri ɗaya ne da namu: gona tana son fili, saniya tana son hanya da ruwa.

Abin da fim ya ɓoye

Na farko, baƙar fata. Masana tarihi sun ce kusan kaboyi ɗaya cikin huɗu baƙi ne. Da yawa kuma mutanen Meksiko ne. A bangon sinima kusan duk farare muka gani. Sai a 1960 John Ford ya ba Woody Strode, baƙin mutum, babban matsayi a fim ɗin Sergeant Rutledge.

Na biyu, masu ƙasar. Muna kiransu Indiyawan daji. Idan soja ya harbo ɗaya daga doki, sai mu yi sowa. Ba mu san su ne ƴan ƙasa na asali ba. An ƙwace musu ƙasa. An kashe ɓaunar da suke rayuwa da ita, daga miliyoyi har ta koma ba ta kai dubu ba. A Disamba 1890, a wani wuri da ake kira Wounded Knee, soja suka kashe mutanen Lakota fiye da 200, har da mata da yara. Filin da manomi da mai shanu suke faɗa a kai cikin fim, nasu ne tun farko. John Ford da kansa ya yi finafinai da yawa a ƙasar mutanen Nabaho. Sai a fim ɗinsa na kaboyi na ƙarshe, Cheyenne Autumn, 1964, ya ba da labari daga ɓangaren waɗanda aka kora.

Na uku, yawan harbi. A fim kullum ana kisa. Amma wani masani ya ƙidaya kisan kai a manyan garuruwan shanu biyar na Kansas, daga 1870 zuwa 1885. Ya sami 45 kawai. Garin Dodge City ya hana yawo da bindiga cikin gari. Baƙo yana ajiye ta kafin ya shiga. Kuma rigimar kiwo ba ɗan bindiga ya kashe ta ba. A 1934 gwamnati ta yi dokar kiwo a filayen hukuma, aka shata yankuna, aka ba da izini.

Kakar 1986

Yanzu ga nawa labarin. Bayan yunwar 1984 kowa ya ƙara gona. Ni ma na ƙara. Mahaifinmu ya rasu, kawu ma ya rasu. Ni ne babba a gida.

Wata asuba cikin kakar 1986 na je gona. Na tarar shanu sun shiga cikin dare. Sun cinye kusan rabin wakena, sun karya hatsin gefe. Sawu ya nufi rugga. Idona ya rufe. Na koma gida da gudu. Ƙanena ya ɗauko kwari da baka. Samari biyar suka biyo mu da gatura da sanduna. Ni ina gaba, da takobin mahaifinmu.

Hanyar rugga ta bi ta gefen gonata, inda burtali yake. Muna tafe sai ƙafata ta bugi wani kututture. Na duba. Aguwa ce. Tsohon shingen aguwa ne da kakanninmu suka dasa, iyakar burtali. Ni da hannuna na sare shi shekarar da ta wuce. Yanzu kututturen yana cikin gonata. Na auna da ido. Na ci burtali kamar taki ashirin. Maƙwabcina na wancan gefe shi ma ya ci nasa. Hanyar da ta rage, shanu biyu ba su iya jerawa cikinta.

Sai maganar kawu ta faɗo mini, ta daren sinima. Na tsaya cik.

Ƙanena ya ce: "Yaya, mene ne? Tsoro kake ji?"

Na ce: "I, tsoro nake ji. In mun kashe mutum yau, ina za mu kwana gobe?"

Abin da na tuna ke nan. Shen da ya yi kisa bai kwana garin ba. Ya hau doki ya ɓace. Ba shi da gona, ba shi da mata, ba shi da ɗa. Mu kuwa a nan za mu zauna. Matanmu da matan rugga rijiya ɗaya suke ja. Kasuwa ɗaya muke ci. Ba mu da dokin da zai kai mu bayan duwatsu.

Muka juya zuwa gidan mai gari. Na ce: "Ranka shi daɗe, an yi mini ɓarna. Amma ni ma na yi tawa." Ya aika aka kira Ardo. Ardo ya zo da mai shanun da yaron da ke kiwo. Yaron bai wuce shekara 12 ba, yana ta makyarkyata. Shanu sun matsu a ƙuntataccen wurin nan, suka fi ƙarfinsa. Shi ne za mu fara tararwa da takobi, da mun isa rugga.

Dattawa suka je gona suka ƙiyasta ɓarna. Mai shanu ya sayar da ɗan maraƙi ya biya. Ni da maƙwabcina aka ce mu ja baya, mu sake dasa aguwa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi asara. Kuɗin bai kai waken da na rasa ba. Na kuma rasa wani yanki na gona. Ƙanena ya yi wata guda ba ya gaishe ni da kyau. Samari suka yi ta yi mini dariya a dandali. Amma da rani mai shanun nan ya sauka gonata, shanunsa suka ci kara, suka bar mini taki. Mun yi haka shekara da shekaru.

Shekara biyar bayan wannan, a watan Oktoba 1991, aka yi abin Toda, a nan cikin jihar Maraɗi. Rigimar ɓarnar gona ce ta zama wuta. Mutum fiye da 100 suka mutu, yawancinsu mata da yaran Fulani. Ranar da labari ya iso garinmu, ƙanena ya zo ɗakina da dare. Ya zauna bai ce kome ba. Da zai tashi ya ce: "Yaya, Allah shi saka maka."

Shawarata

A 1993 ƙasarmu ta yi dokar karkara. Daga cikinta aka sami kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. A wurare da yawa an shata burtali da turakun siminti. Mai gari yana nan, Ardo yana nan. Idan an yi maka ɓarna, can za ka fara zuwa. Manomi, kafin ka ɗaga murya, duba iyakar gonarka. Makiyayi, kada ka bar babban garke a hannun ƙaramin yaro da dare, hatsi yana tsaye.

Ban ce a daina kallon kaboyi ba. Har yanzu ina sonsa. Masu shirya shi gwanaye ne, dawakin ma abin kallo ne. Amma idan kuna kallo da yara, ku zauna kusa da su kamar yadda kawu ya zauna kusa da ni. Idan an gama, ku tambaye su: wa ya riga zama a ƙasar nan? Wa ya tare ruwa? Wanda ya yi harbi, ina ya kwana?

Allah shi ba mu damana mai albarka. Allah shi ba mu zaman lafiya tsakanin gona da rugga. Amin.